Ranar da Inna ta Wanke Famfon Giya

Shekarar da gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, na bar matata da Inna a ƙauyenmu na wajen Garagumsa, na shigo Damagaram neman abin yi. Kawuna ya samo mini aiki a wani otel inda Turawan rabon abinci suke sauka. A mashayar otel ɗin akwai famfo biyu na tagulla, in an ja hannunsu giya ta zubo daga ganga. Kullum da safe ni ke kwance hannayen, in jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulu, in bi lungunansu da asuwaki, domin in aka bar su danƙo suke yi, ƙudaje su yi biki. Ran Litinin kuma a cire ganga, a tura ruwa zalla ta cikin tiyo har ya fita tas.

Giya ba ta taɓa shiga bakina ba, amma kunya ta hana ni faɗin gaskiya. Na aika gida cewa aikin famfo nake yi. Ashe Inna ta bi gida-gida tana shelar cewa famfon Damagaram a hannun ɗanta yake, a lokacin da rijiyarmu sai an yi rabin yini kafin guga ya cika.

Wata Litinin da hantsi, ina tsaka da tura ruwa, sai na ji sallamar da na sani. Inna ce, ta biyo kamiyo, babbar motar kaya, tun daga Takeita kusa da ƙauyenmu, da bido biyu na ɗibar ruwa a hannu. Ta ga ruwa garai-garai yana kwarara cikin bokiti, ta ajiye kaya ta rangaɗa guɗa.

"Inna, ki zauna tukuna," na ce.

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ɗauki hannun famfo guda ta jujjuya shi.

"Ɗan nan, wannan ne wankin? Haka na koya maka? Tagulla ai tsamiya take so da toka."

Ta kutsa madafa, ta karɓo su wajen kuku kamar gidanta ne. Ta zauna dirshan, ta dirje hannayen nan tana waƙar daka, har mutum ya ga haƙoransa a jikinsu. Ni dai ina tsaye ina karanto duk addu'ar da na iya.

Sai ga mai kula da otel, wanda muke kira Mushe, wato Malam da Faransanci, wani ɗan Dahome mai tumbi da gurguwar Hausa. Ya ga tagulla tana walƙiya, ya daka tsalle.

"Mama, sannu, sannu! Yau giya ya yi daɗi!"

Inna ta dubi Mushe, ta dubi famfo, ta sansana tafin hannunta.

"Me ya ce?"

Ban tsaya amsawa ba. Ta biyo ni da hannun famfo a ɗage, muka kewaya tebura sau uku, kuku na ihu, Mushe ya riƙe tumbinsa yana neman numfashi. A zagaye na huɗu zaninta ya sarƙe da kujera, ta zube zaune a kanta. Na zaci kuka za ta yi. Sai kafaɗunta suka fara girgiza.

"Ni da carbina! Na yi wa giya kwalliya!"

Ta yi dariya har da hawaye, ni ma na zube ƙasa. Rabon da in ji dariyarta tun kafin saniyarmu ta mutu.

Da ta huce, ta wanke hannu sau bakwai, ta sa Mushe a gaba ta ce ɗanta ba zai ƙara taɓa abin nan ba. Mushe ya ce to, Mama. Washegari aka mai da ni madafa ina yanka albasa. Shekara shida na yi a can, a ta biyu na ɗauko matata muka kama ɗaki a birni.