Babban Yatsana da Mabugin Iro

Yau da hantsi aka aiko daga Tudun Wada wai Iro ya rasu. Kafin in sami mota har sun kai shi makwancinsa. 'Ya'yansa ba su jira ni ba. Wannan kuma sai mun zauna da su.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana danna min a waya. Na ce kada a gyara min ko kalma ɗaya.

Ni da Iro tare muka koyi ɗinkin hannu a zauren Baba Mato a Kiru, tun Turawa ba su tafi ba. Lokacin ba keken ɗinki ba dutsen guga a unguwarmu. Fallayen saƙi za ka yi ta haɗawa da allura, in ka gama bakin ɗinkin duk ya yi tudu. Sai a fesa ruwa da baki, a shimfiɗa rigar kan gungumen tsamiya, mutum biyu su zauna suna fuskantar juna, kowa da mabuginsa na itacen ƙirya. In nawa ya tashi nasa ya sauka, har ɗinkin ya kwanta luf. Gugar 'yan yanzu ba ta kama ƙafar wannan ba, ko wa ya ji haushi.

Doka ɗaya Baba Mato ya kafa mana. In za ka sa hannu ka ja riga, ƙwanƙwasa gefen gungume sau biyu, ɗan'uwanka ya tsaya.

Ranar da muke bugun rigar wani Bafulatani daga Doguwa, mabugin Iro ya sauka kan babban yatsana na dama. Tun daga nan ban ƙara riƙe allura ba. Na koma gona, shi ya zama tela har da keke.

Ba wanda bai ji daga bakina ba a Kiru: Iro ne ya nakasa ni.

Bai taɓa musawa ba. Duk Sallah sai ga riga ya aiko. In saka abata, ban taɓa cewa an gode ba. Da matata ta rasu, kwana bakwai ya yi a ƙofar gidana yana karɓar gaisuwa, kamar shi aka yi wa rashin.

Bayan azumin bana ya zo a achaɓa, sai da aka kama shi ya sauko. Ya zaro tsohon mabugin nan daga buhu ya ajiye a gabana.

"Tanko, ga abokin gabarka. In ka ga dama ka hura wuta da shi. Ni dai ka ce ka yafe."

Na ce, "Sha ruwa tukuna, Malam Iro."

Ya yi dariya har da tari. "Tun muna samari nake shan ruwan nan naka, mai taurin kai."

Na ce sai ya sake zuwa.

To ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar nan ban ƙwanƙwasa ba. Ɗinki na ga ya karkace, na yi wuf na kai hannu. Iro ya sani sarai. Da Baba Mato ya tambaya, cewa ya yi shi ne bai ji ba, kuma shi ya sha marin.

Shi ke ta neman gafarata, alhali ni ya kamata in durƙusa.

Mabugin na nan kan tabarmata. Ɗazu na ɗauka na ƙwanƙwasa ƙasa sau biyu. Yanzu kuma wa zai tsaya?

Iro, na yafe, ko da yake ba ka yi min komai ba. Tawa tubar ce ban san inda zan kai ta ba.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Iro, Ka yalwata masa kabari, Ka sa haƙurin da ya yi da ni ya tarar da shi a can. Duk wanda na taɓa gaya wa cewa Iro ya cuce ni, ya janye maganar nan, ƙarya na yi. Don Allah ku sa shi a addu'a. In kun gama tasa, in da saura, ku tuna da ni.