Gadagi a Gayaunar Attahiru

Ranar wata Laraba ce, kwana goma sha biyu bayan shuka, a daminar da na cika shekara goma. Muna duƙe a gonar gujiyarmu da ke bayan Mandera, ni da Baba da ƙanena Attahiru. Na sare gujiya bakwai a jere, na bar haki tsaye. Baba ya tsinke ganye biyu ya ɗora a tafin hannunsa, ya ce mu bambance.  Attahiru, wanda na girme da shekara biyu, ya ce, "Wanga gadagi na, ganye guda gare shi, shina rarrafe. Gujiya huɗu gare ta." Baba ya dafa kansa ya ce madalla. Ni ko kallona bai yi ba.

Gadagi abincin dabba ne mai kyau. Makiyaya na son sa, mu ma mukan yanko shi a daji mu shanya wa raguna. Amma in ya shiga gujiya sai ya shimfiɗe, ya shaƙe ta, ya shanye takinta. Attahiru na hango shi tun daga bakin gona. Ni na fi shi ƙarfi, ni ke jan ruwa a rijiya, ni ke kayar da yara a langa, amma duk baƙon da ya zo, idon Attahiru ake ba shi labari.

Da shekara ta zagayo, Baba ya yanka mana gayauna kowa tasa, ya ba Attahiru mai jiƙawa ta gindin gawo. Ranar kasuwar Bodinga, da Baba da Attahiru suka tafi, na share ɓurɓushin da ke ƙarƙashin tarin busasshen gadagi a garken raguna, duk 'ya'yansa ne, na cika tsohon buhu na watsa a gayaunarsa. Ban lura buhun ya huje ba. Da ruwa ya sauka, gadagi ya fito layi guda, daga garken ragunanmu, ya ratsa ta gayaunata, ya ƙare a tasa.

Baba ya bi layin da ƙafa har ƙarshe. Bai dake ni ba. Cewa ya yi, "Tun da wurin kake so, ɗauki. Attahiru, koma nashi."

Damina uku na yi ina yaƙi da abin da na shuka. A nan na gane cewa sara ba ya kashe shi, sai an tuge da saiwa ƙasa na da danshi, kuma kafin ya yi furen nan ja-ja. Na gane ragon da ya ci shi da 'ya'ya, takinsa ba ya zuwa gona. Sau biyu Attahiru ya zo da fartanya zai taya ni, na kore shi. Rashin fushinsa ya fi komai ƙona mini rai.

Yanzu yana Sakkwato, ya yi karatu, hannunsa ya yi laushi. Gonar duka ta dawo wurina. Samari na goya tanki su fesa magani, ba su san sunan abin da suke kashewa ba. Ni da hannu nake tugewa, kuma a faɗin Shagari ban san wanda ya fi ni gane shi ba. Baba ya rasu bai ga haka ba. Har yau in na tuge guda, sai na ɗaga kai na duba bakin gona.