Duk Hannun Malam Ne

A aji uku na bar firamare, don babana ya ce gona ba ta jiran ɗan boko. Sai da na haura arba'in na koma karatu, a ajin yaƙi da jahilci da gwamnati ke yi da yamma a nan Zuru. Yara na tashi mu shiga, mu matse gwiwoyi a bencinsu. Mun kai talatin: manoman dawa, matan sojoji, da 'yan kabu-kabu biyu masu bin hanyar Ribah. Malaminmu tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, mai kyan rubutu. Yadda ya karkata baƙi a allo, haka muke karkatawa. Ba mu san wani rubutu ba sai nasa.

A shekara ta uku, da kaka, aka ce za a rufe ajin, wai ba masu zuwa. Wanda ya rubuta rahoton haka, tsakiyar damina ya leƙo mu, ranar da kowa ke gona wajen noman maimai.

Ni na ce mu kai kuka. Malam ya rubuta takardar koke, ya zo da tawada don kowa ya dangwala yatsa.

"Shekara uku muna zaman bencin yara, mu kuma kai masu yatsa?" na ce. "Kowa ya rubuta sunansa, su ga aikin da ajin ya yi."

"Mutanen ofis sun fi yarda da yatsa," in ji Malam.

Na ɗaga murya, aji ya goyi bayana, ya mayar da tawadarsa aljihu.

Yamma uku muka yi muna rubutu. Wadda ta fi daɗewa wata tsohuwa ce, matar soja da ya rasu, ɗanta ma soja ne. Ta shiga ajin ne don ta daina miƙa wa maƙwabta waya su karanta mata saƙonsa. Sai da ta gwada sunanta sau huɗu a tafin hannu.

"Inna, rana za ta faɗi," na ce.

"Ta faɗi mana, ƙanena. Shekara sittin na jira, kai ne mai sauri?"

Mu uku muka kai takardar ofishin ilimi, ni da Malam da ita. Jami'in da muka tarar ya duba sama, ya duba ƙasa, ya yi murmushi.

"Malam, ka koyar da ni a aji biyu, na san hannunka. Duba yadda sunayen suka karkata gefe guda. Mutum ɗaya ya zauna ya cika wannan."

"Yallaɓai, ba ni biro in rubuta a gabanka," in ji tsohuwar.

"Mama, ke ɗaya ce, sauran fa? Ku kawo da yatsa, shi ba ya ƙarya. Ranar Juma'a muke tura rahoto."

Malam bai dube ni ba. Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Kwana biyu na yi a kan babur da tawada a aljihu. Lokacin yankan dawa ne, mutane sun watse, wasu na gonakinsu wajen Kanya, wasu Sakaba. Yatsa tara na samu. Tsohuwar da ke nan cikin gari kuwa ta ƙi. Ta naɗe hannu cikin zane ta ce ta riga ta rubuta sunanta, ba ta komawa baya. Ban iya roƙonta ba, ni na koya mata wannan taurin kan.

Jami'in ya ƙirga tara ya ce, "Ka gani? Ba masu zuwa."

Aka rufe.

Har yau in mun haɗu da tsohuwar a kasuwa takan miƙo mini wayarta. Ina karanta mata a hankali, ina cije baƙaƙe, ita tana kallon wani wuri. Sunanta kaɗai take iya ganewa a ciki.

Malam ya rasu bara. Wannan ma da nake rubutawa a karkace yake, irin nasa. Wanda ya ga dama ya ce shi ya rubuta.