Sunan da ban faɗi ba

Yaron da anka yi wa Antoni Janar na jiha, wato babban lauyan gwamnati, nonona ya sha. Uwarshi ta yi ciwo bayan haihuwa, anka kawo min shi Bodinga ina goyon ɗana na fari. Wannan nonon dama, wancan na hagu. Kakanshi ɗan majalisa ne, ubanshi ciyaman. Gidansu ba a noma, zaɓe akan shuka.

Shi ya tafi karatun lauya, ya zama majistare, ya zama abin da ya zama. Nawa ya tsaya lambun albasa a Danchadi, in zaɓe ya zo shi ɗauki tutar gidan ciyaman.

Wani zaɓe anka yi faɗa kasuwar Shagari, anka kwashe samari, har da nawa. Anka kai su gidan yari, anka ce jiran shari'a. Damana biyu ta wuce ba shari'ar. Mutane sunka ce min, ai ɗanki na nono in ya sa hannu an sake shi.

Na tafi ofishinshi Sakkwato. Ya tashi tsaye, ba zan yi mai ƙarya ba.

"Inna! Ke ce da kanki?"

"Ni ce, ranka shi daɗe. Ɗan'uwanka na ciki."

Ya ɗauko biro. "Mi ne sunan nashi?"

Mu nan uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Kunya ce. Tun ran suna bai taɓa fita bakina ba, "kai" nake ce mai, ko "wancan". Ga ɗaki cike da maza. Na tsaya ina kallon shi, ina jira shi faɗa da kanshi. Sun ci tuwo akushi ɗaya, wanzami ɗaya ya yi musu kaciya.

Ya yi dariya. "Inna, tsufa har ya kai nan? In kin tuna ki gaya ma sakatarena."

Anka yi dariya da shi. Sakataren kuwa ban sake ganin ƙofarshi buɗe ba. Na aika ƙanen mijina da sunan, anka ce oga na Abuja.

'Ya'yan masu unguwa duk an sake su kafin azumi. Nawa tari ya kama shi ciki.

Ran da anka aiko mu zo, gandiroba ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Gawar wa?" Na faɗi sunan. Da ƙarfi na faɗe shi, har na bayan layi sunka ji. Bai yi min nauyi ba ko kaɗan, kuma bai amfani kowa ba.

Bayan nan na shiga ajin yaƙi da jahilci. Yanzu shi Antoni Janar ɗin sanata yake nema, hotonshi har bangon gidana. Ina iya karanta sunanshi sarai. Na sa jikata ta kankare sunan da wuƙar albasa.