Sauraren Rana a Tsakar Gidanmu

Shekarar da ɗiyata ta fari za ta gama jami'a, ta dawo gida da ƙunshin waya da wani ɗan akwati da kwamfuta, ta ce aikin da malaminta ya ba ta shi ne ta saurari rana. Ni ɗan kasuwa ne, shekara talatin ina auna yadi, kuma a sanina ranar Sakkwato a ƙeya ake jin ta. Ta yi mini bayani cewa rana kan yi wata irin gyatsa jefi-jefi, wadda ke isowa duniya kamar tashar rediyo. In ta kama ko guda ɗaya tsaf cikin wata biyu, ta ci. In ba ta kama ba, sai ta maimaita shekara.

Muka kafa gora huɗu a tsakar gidanmu na Ƙofar Atiku, aka ja waya biyu. Washegari uwarta ta shanya zannuwa a kai. Daga ranar na naɗa kaina mai gadi. Kullum hantsi ya ɗaga sai in bar wa ƙanena shago, in dawo in kafa kujera gindin gora, in jona fankata ta caji, in zauna ina muzurai.

Sai dai maimakon layi siriri da ta ce ya kamata a gani, fuskar kwamfutar ta cika da zane kamar kaji sun yi tono. Yarinyar ta ce iska ma kasuwa ce, kowa da rumfarsa: gidan rediyo da tasa, masu wayar hannu da tasu, jiragen sama da tasu. Rumfar masu sauraren sama 'yar mitsitsiya ce, kuma duk wani inji mai tartsatsi yana zuba musu shara a ciki. Ban bari ta kai aya ba. Na zare fanka, don ni ba na barin abu a kunne in fita, na nufi maƙwabcina mai walda.

"Alhaji, mi ya haɗa waldata da rana?" in ji shi.

"Ɗiyata ka saurarenta, kai ko ka cika muna kunne!"

Ya dube ni, ya dubi sama, ya ce, "Allah shi ba ka lahiya."

Da na dawo na tarar layi ya kwanta luf. Na gyara wuyan riga, na zauna, na jona fanka na kunna. Nan take kaji suka dawo tono. Na ce ka ji munafuki, ina juya baya ya ci gaba.

Haka na bi mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya. Mai injin markaɗe ta wanke ni tas a gaban mata. 'Yan kabu-kabu masu babur na bakin layi suka laƙa mini Sarkin Rana. Duk fitar da na yi sai layi ya gyaru, ni kuwa sai ƙara yarda nake yi cewa tsawata na da amfani. Daga ƙarshe na kai ƙara wajen mai unguwa, shi kuma don a zauna lafiya ya raba mana yini: daga sha biyu zuwa azahar ba walda, ba markaɗe. Unguwa ta yi tsit, zane bai ragu da ko ɗigo ba.

Saura kwana goma sha biyu, yarinya ta daina cin abincin kirki. Ina zaune ina lissafa sauran waɗanda ban yi faɗa da su ba, sai ga uwarta ta fito daga madafa, hannu duk gari. Ta sunkuya ta zare cajar fankata. Layi ya miƙe sak. Ta mayar, ya hargitse. Ta sake zarewa.

"Malam, mai walda ya tahi ƙauye ta'aziyya yau kwana shida," ta ce. "Ita ko ɗiyarka ta gane tun sati ukku da sunka wuce."

Da ƙasa ta tsage da na shige. Na juya ga yarinyar, wadda ko sunanta ba na faɗi saboda kunyar ɗan fari, na ce, "Ke, don mi ba ki hwaɗa mini ba?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba, tun da nis shiga makaranta ba ka taɓa zamnawa kusa da karatuna ba sai wanga karo. Na ji tsoro in na hwaɗi ka tashi."

Ban tashi ba. Na yi kwana tara a kujerar nan cikin zafin bazara ba fanka, ina jiƙa riga ina matsewa. A rana ta goma yarinyar ta miƙo mini abin sawa a kunne. Na ji wani shuuu ya taso ya faɗa, kamar an tsoma ƙosai a mai. Gyatsar ranar ke nan, abin da na ɓata da unguwa guda a kansa. Ta tambaye ni ko na ji, na gyaɗa kai kawai.