Jummai, Magen Innarmu

Wata Laraba ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji uku na firamare, can wajen ƙarshen shekarun 1980. Ina tsugune a ɗan lambun da ke bayan ɗakin Inna a gidanmu na Azare, ina cire ciyawa daga gindin kuɓewa, sai hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ganyen kabewar da ta haye danga. Inna ta fito da sauri tana kwashe shanyar surfe, ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga murya: "Jummai! Shigo ciki mana, kar ruwan nan ya dake ki ki kwanta mana ciwo!" Jummai fa mage ce. Tana kwance abinta a ƙarƙashin rumbu, inda ko ɗigo ba ya kaiwa. Ni kuwa da nake fili, mutum 'yar mutum, da taɓo har gwiwa, ko kallon inda nake Inna ba ta yi ba. Na dai shigo, amma da baki a tunzure, ina ce wa raina ashe a gidan nan mage ta fi ni daraja.

Sunana Bilkisu, amma ba daga bakin Inna za ka ji shi ba. Ni ce 'yar fari, ita kuwa 'yar Katagum ce da ta tashi a hannun uwa Bafulatana, inda kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ba ta faɗar sunana, ba ta yaba mini, in da mutane ko tabarma ɗaya ba ma zama. "Ke," shi ne sunana. In ina nesa sai ta ce wa ƙanena, "Sani, ce wa waccan ta zo." Sani yana da suna, akuyarmu tana da suna, har kazar da ba ta ƙwai ana ce mata Malalaciya. Manya suna cewa Inna mace ce mai kunya da kawaici, su yi ta sa mata albarka, ni kuwa abin yana ci mini rai. A bakin layinmu akwai Maman Ngozi mai sayar da manja, wadda in ta ƙwala wa 'yarta kira sai an ji har masallaci. Yawanci ma faɗa za ta yi mata, amma wallahi har wannan faɗan na yi wa Ngozi hassadarsa, don da sunanta ake farawa.

Gidanmu ba gidan yunwa ba ne, amma gida ne da ba a zubar da komai. Baba tela ne a kasuwa, lokacin kuwa ana fama da tsadar kaya, sai Inna ta mai da tattali sana'a. Ruwan tsarin gero na akuya ne, dusa ma nata ce, kashinta kuma na lambu. Ruwan wanke-wanke a gindin rama da yakuwa yake ƙarewa, alwala kuwa dole a gindin zogale za ka yi ta, ko kai baƙo ne. Ashana sai ranar da maƙwabta duk wutarsu ta mutu, in ba haka ba ni ce mai zuwa ɗebo garwashi a fasasshen kasko. Tuwon da ya kwana ɗumame ne, na gindin tukunya ƙanzo ne, a shanya shi a kan rufin kaji a tara a buhu. In tumatir ya yi araha sai mu yanka mu shanya kauɗa, kuɓewa ma haka, har rani ya fita miyarmu ba ta san kasuwa ba in ban da daddawa da gishiri. Gwangwanin madara guda sai ya yi aikin kofi, ya koma na awon gishiri, in ya huje a raini irin tattasai a cikinsa. In na zubar da ƙwayar hatsi wurin sheƙa, Inna takan ce, "Ke, tsince. Ba a ƙasa aka same shi ba, da gumi aka same shi."

To, a wannan gida na tattali ne Jummai take cin kan kifi. Kakarmu ta Katagum ce ta aiko da ita tana 'yar mitsitsiya, cikin kwando, tare da ƙunshin banda, saboda ɓeraye sun dame mu a rumbu. Ranar Juma'a ta iso, shi ya sa sunan. Fara ce mai baƙin kunne ɗaya, ga iyayi, tafiya take kamar ita ta gina gidan. Duk sanda aka aiko da banda, Inna takan ɓare tsokar ta adana don miya, ta daka ƙayar cikin yaji, kan kuwa ta ajiye wa Jummai a wani murfin kwano nata na kanta, wanda kuma ni ce mai wanke shi. Da hantsi in aiki ya lafa sai ta ɗora ta a cinya tana cire mata ƙuma, tana yi mata hira kamar da mutum. "Jummai, yau ba ki ci da yawa ba, me ke damun ki?" Ina gefe ina tuƙa tuwon wasa a gwangwani, ni ma ranar ban ci na kirki ba, amma wa ya tambaye ni? Na sha harararta har idona ya yi ciwo, ita kuwa ta yi hamma ta juya mini baya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar tumatir. Inna ta yanka mini wani ɗan fili a lambun, kusa da magudanar ruwa, ta ce in ga abin da zan iya. Na ɗauki abin da zafi. Kafin in tafi makaranta, da tsintsiyata da ɗan itacen da ake sa mu kai wa malamai, sai na ba shi ruwa. In an tashi, ƙawayena suna tsayawa 'yar gala-gala da carafke a gindin dalbejiya, ni ina gudu gida in ga ko kaji sun shiga. Na kewaye shi da ƙaya, na barbaɗa toka saboda tsutsa, na kafa wa kowane gindi kara. Ranar da na farko ya nuna, ja wur, na tsinko shi na kawo a tafin hannu biyu, na ce yau kam dole ta ce wani abu. Inna ta karɓa, ta juya shi, ta shinshina, sai ta sunkuya wajen magen da ke goga mata jiki a ƙafa ta ce, "Kai, Jummai, madalla da ke. Wannan ko a kasuwa babu irinsa." Jummai! Wadda aikinta a lambun nan bai wuce ta tona mini iri ta yi kashi ba. Na koma bayan ɗaki na yi kuka mai isata, na rantse ba zan ci miyar ba, da aka gama kuma na ci, don yunwa ba ruwanta da fushina.

Haka kuma ranar da fartanya ta sare ni a ɗan yatsan ƙafa. Jini yana zuba, Inna ta leƙo ta ce, "Ke ba kya duba gabanki," ta tura Sani ya kira maƙwabciyarmu ta ɗaure mini. Ita kanta ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai da aka gama. Amma da Jummai ta dawo da rauni a cinya, ko karen wani ne ya kama ta oho, Inna da hannunta ta wanke da ruwan gishiri, ta buɗe kwalbar man shanun da ba a taɓawa sai da baƙi, ta shafa mata. Na tsaya ina kallo ina cewa a raina, da ma ni karen ya ciza.

Da hutun ƙarshen shekara aka kai mu Katagum, na samu Kaka a bakin murhu tana gyara kifin da aka kawo daga kogi, na zauna na kai ƙara. Na faɗi na kan kifi, na faɗi na tumatir, na ce ko dai a dawo mata da magenta ko ni a bar ni a nan. Tsohuwar nan ta yi dariya har da share hawaye da gefen zane. Ta ce, "Ja'ira, da mage kike kishi? Uwarki ma 'yar fari ce. Kin taɓa jin sunanta a bakina?" Na ce to ai ita ba a haɗa ta da mage ba. Ta ce, "Ita da saniya aka haɗa ta," ta ci gaba da dariyarta. Ban gane abin dariyar ba. Na koma Azare da haushina yadda na zo da shi, har da ƙari.

A farkon shekarun 1990 na ci jarrabawar makarantar kwana. Tun ana saura kwanaki Inna take haɗa kaya ba ta ce da ni komai ba: ƙanzo, garin ƙuli da yaji, soyayyiyar gyaɗa, busasshen zogale daga bishiyar alwala. Ni kuwa abu ɗaya na sa a raina. Na ce tunda zan yi watanni ba ta gan ni ba, ranar tafiya dai za ta kira sunana, ko sau ɗaya, ko a hankali. Safiyar ta zo, tsakar gida ta cika da maƙwabta da gwaggonnina, kowa yana sa albarka yana yi mini nasiha. Baba yana zaure da akwatina yana cewa mota ba za ta jira mu ba. Inna tana zaune a bakin murhu ta ba mu baya, tana ta gyara itacen da ba ya buƙatar gyara, Jummai a cinyarta. Na je na durƙusa a bayanta na ce, "Inna, zan tafi." Ba ta juyo ba. Sai na ji ta fara magana ƙasa-ƙasa, tana shafa kan magen.

"Jummai, ki ji ni da kyau. Kar ki zauna da yunwa don kunya. Ƙanzon nan ki jiƙa shi da wuri, in ba haka ba zai ci miki haƙori. In kin ga hadari ki shiga ciki, kin san jikinki ba ya son ruwa. Ki riƙe salla. Wanda ya cuce ki ki faɗa, kar ki haɗiye kamar yadda kika saba."

Haushi ya taso mini har wuya. Yau ma? Yau ɗin ma ita? Na buɗe baki zan yi magana, sai idona ya sauka a kan magen. Barci take yi, har da munshari. Jummai ba ta cin ƙanzo, ba ta salla, kuma ba inda za ta. Na dubi hannun Inna a kan farin gashin nan. Na daɗe a durƙushe, hadarin ranar Laraba da tumatirin nan suna dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Da ƙyar na iya cewa, "To, Inna. Na ji."

Ta ce, "Wa ya sa da ke?" Muryarta ta karye a tsakiya, ta ja gefen mayafi ta ce hayaƙin itacen nan ya dame ta.

Jummai ta mutu ina aji biyu na sakandare. Sani ya ce mini Inna ba ta nemi wata ba, sai da hutu ya matso ta aika Katagum a kawo mata 'yar mage, baƙa ce ma wannan, ta kuma sa mata Jummai. Haka aka yi ta yi har na yi aure, kowace ta zo sunanta ke nan.

Yanzu an shafe lambun da siminti, an fitar da shaguna ta wajen, zogalen ma an sare. Yarana ba su san ƙanzo ba, tumatir kuwa a leda suke ganinsa. 'Yar farina ina kiran sunanta daga safe har dare, ina rungume ta a gaban kowa, har takan ce na dame ta, kuma ban ga laifin hakan ba. Inna ta rasu ba ta taɓa cewa Bilkisu ba. Na san duk abin da ta faɗa wa magen nan nawa ne, na sani sarai, amma har yau in na ga mage kwance a cinyar wata tsohuwa sai in tsaya ina kallo. Maganar tawa ce, amma cinyar ita ta samu.