Sunan Yankan Mai Waina

Shekarun baya, ina sabuwar amarya a Jidda, na yi aikin shara da guga a gidan wata Baturiya 'yar ƙasar Suwidin. Mijinta na cikin masu shimfiɗa wayar tarho. Larabcinta ya fi nawa karyewa, da shi muke hira, hannu yana cike sauran.

Wata rana ina goge tebur na tarar ta baza tsofaffin takardu, tana neman sunan kakar kakarta. Ta ce a ƙasarsu a da mace ba ta ɗaukar sunan miji. Sunan ubanta ake ɗauka a liƙa masa "dota", wato 'yar wane, da shi za ta mutu. A yankinsu har sunan gona ake sa wa mutum a gaba. Ita wannan tsohuwar laƙabinta kawai ya rage a bakin dangi, Doguwa ta Bakin Tafki. Shekara uku tana aika wasiƙu coci-coci ko za a samo sunan ainihi.

Na yi dariya, na ce a raina Turawa dai ba su rasa aikin yi. Sai ta tambaye ni sunan mahaifiyata.

Na buɗe baki da ƙarfin gwiwa, sai na tsaya. Mu 'ya'yanta Inna muke cewa. Duk unguwarmu ta Karantina Mai Waina suka sani. Babanmu har ya rasu "ke" yake ce mata. Ƙawayenta na cewa Laraba, wannan kuwa sunan rana ne. Sunan da ke kan iƙamarta, takardar izinin zama, ma na wata ne, kafilin da ya tsaya mata ya rubuta abin da ya ga dama. Ni da nake wa Baturiya dariya, ita kakar kaka take nema, ni wadda ta haife ni ce, tana nan da ranta. Kunya ta rufe ni.

Lokacin Inna ta fara ciwon da bai bar ta ba, kuma duk wanda suka baro ƙasarmu tare ya riga ta tafiya. Na san in ta tafi da sunan, ya tafi ke nan. Sai da na yi sati ina juya maganar, don 'ya ta tambayi uwa sunanta ba ƙaramin rashin ta ido ba ne.

Ran wata Juma'a ina matsa mata ƙafa na daure na tambaya.

"Ke! Aikin gidan Nasara ne ya cire miki kunya?"

"Inna, don addu'a nake so. In na je umara me zan ce?"

"Allah bai san ni ba ne? Halas, ya isa, tashi ki duba tanda."

Na miƙe, sai ta riƙo zanina. Ta ja kunnena kusa da bakinta ta faɗa sau ɗaya, a hankali, kamar mai tsoron a kama ta. Ta ce rabonta da jin an kira ta da shi tun ranar da mahaifinta ya rasu a Sudan, suna hanyar zuwa ƙasar nan. Ta ce, "Maimaita in ji." Na kasa, wallahi harshena ya ƙi. Wata biyu bayan nan ta rasu, kuma har yau wannan kasawar tana cin raina.

Da na haifi mace na sa mata sunan don kada ya ɓata. Kun san abin da ya biyo baya: wa zai iya kiran sunan uwa gatsal? Muka koma ce mata Ummi. Na tono suna da ƙyar, na sake binne shi da hannuna.

Sai ranar da na fara kai ta makarantar Islamiyya a unguwar Kurayyat. Ina tsaye bakin ƙofa malama ta buɗe rajista ta ƙwala sunan da ƙarfi, ba ruwanta da alkunya. Wata 'yar murya ta ce, "Na'am!"

Na zauna a dakalin nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Daga ranar, in na raka ta, ba na tafiya sai an kira an amsa.